Wa Ya Rufe Akurkin Iya?

Ranar Asabar da safe aka ce an sace Gurguwa, kafin rana ta take kuwa layinmu ya gama yanke hukunci. Ba wanda ya ga komai, ba wanda aka tambaya, amma kowa ya rantse Barkono ce.

Gurguwa kaza ce, kada a ɗauka mutum. Ta Iya ce, tsohuwar da ke gidan ƙarshen layi, wadda ta haura tamanin tana zaune ita kaɗai da kajinta shida. Barkono kuma maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su. Ungozoma ce da ta ajiye aiki ta koma shuka tumatir a bayan ɗaki, bakinta ne ya jawo mata sunan. Shekara da shekaru muna jin muryarta tana yi wa kazar nan alkawarin tukunya duk ranar da ta zagaya ta tone mata shuka.

Ni matar mai bin sawu ce. Maigidana ya yi shekara talatin a aikin gandun daji, yana bin sawun dabbobi da na masu saran itace a ɓoye, shi ya sa ake ce masa Mai Daji. Tun da ya yi ritaya ba sawun da ya rage masa sai nawa. Sai ya dubi tsakar gida ya ce, "Yau kuma kin tsaya hira a ƙofar gida da kaya a ka." In ce to sannu da aiki.

Muna karyawa Auta ta shigo, 'yar Iya ta ƙarshe, wadda ke zuwa duba uwar duk Asabar. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, don Allah ka zo ka duba mini. Ni da hannuna na zare sakatar akurki, kaji biyar suka fito. Gurguwa ba ta. Ga gashinta nan a gindin katangar matar nan."

"Zauna mana, Auta," in ji shi.

"Ba zama, Baba. In ba ka gano ba, 'yan sanda zan kira. Kuma yau ɗin nan zan tafi da Iya. Dama na gaya mata, ranar da na ga zaman kaɗaicin nan ya fi ƙarfinta, to ta gama. Yanzu har cikin gida ake tsallako mata."

Gidan Auta a hawa na uku yake, ba tsakar gida, ba ƙasa, ba inda kaza za ta sa ƙafa. Duk layin mun san Iya ta ce gara ta rasa abincin rana da a raba ta da gidan da ta yi shekara hamsin a ciki, da kajin da take hira da su.

Maigidan ya ɗauki sandarsa, ni na ɗauki 'yar kujerarsa, don gwiwoyinsa ba sa yarda da dogon tsuguno yanzu, ko da yake ba ya son a faɗa.

* * *

Mun tarar da tsakar gidan Iya cike da masu jaje. Maigidan ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, ya yi tsaki.

"Ku ashirin kun tattake mini wurin, sannan a ce in karanta. Kowa ya koma bakin ƙofa."

Iya na zaune a kan tabarma, da farantin tsaba a cinyarta, ba ta tsinta ba, ba ta ajiye ba. Na zauna kusa da ita.

"Nan take kwanciya," ta ce, tana nuna kan ƙafafunta. "In ina tsintar hatsi sai ta zo ta ɗora mini nauyinta a nan. Ɗumi gare ta kamar jariri."

Labarin Gurguwa ba wanda bai sani ba, amma na bar ta ta sake ba ni. Ita ce ta ƙarshe da aka ƙyanƙyashe, ta fito da ƙafa a karkace, uwar ta ƙi ta. Marigayi mijin Iya ya ɗaure mata ƙafar da tsinken ashana da zare, ya yi mako biyu yana yawo da ita a aljihun riga. Bai shekara ba bayan nan ya rasu. Yau shekara takwas ke nan. Kazar ta daina ƙwai tun tuni, Auta ta sha cewa a yanka, Iya ta ce a fara da ita.

"Iya," in ji maigidan, "jiya kin rufe akurki?"

"Na rufe mana, Mai Daji. Kullum ina rufewa."

Ta faɗa da ƙarfi, amma ba shi take kallo ba, tafin hannunta take kallo.

"A ina Gurguwa take kwana?"

"A ƙasa, a bakin ƙofa. Ba ta iya hawa sanda irin na sauran."

Ya zagaya akurkin sau biyu yana taɓa wayar da sandarsa. Ba huda, ba rami. Ya nuna mini gaban ƙofar: an share shi tas, layin tsintsiya na nan sabo. Sai ya karɓi kujerar ya zauna, ya cusa kansa cikin akurkin har hularsa ta faɗo. Ya daɗe a haka. Da ya fito, sai ya bi gindin katanga a hankali, ya tsaya inda aka tsinci gashin, ya dubi ƙasa, ya dubi saman katangar.

"Me ka gani, Baba?" in ji Auta.

"Ɓarawo mai tsafta," ya ce. "Ya yi sata ya yi shara. Ki mayar da kajin nan akurki, kada a ba su komai sai na dawo. 'Yan sanda kuma ki ba ni zuwa la'asar."

* * *

Wurin Makanike, mai garejin layinmu, muka fara zuwa, don wasu sun ce in ba Barkono ba ce to karensa ne. Muka same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Da ya ji abin da ya kawo mu ya fito yana goge hannu.

"Haba Baba! Wannan karen? Bara zakaran Iya ya bi shi har cikin gareji, sai da na shiga tsakani."

Karen na kwance a inuwa, ko kunne bai ɗaga ba. Maigidan ya sa aka zuba ruwa a ƙasa, aka jawo shi ya taka. Ya duƙa ya nuna mini.

"Kin ga farce huɗu a gaban yatsun? Kare ba ya iya ɓoye farcensa. Sawun da na gani a cikin akurki ba farce ko ɗaya."

"To na mene ne?"

"Ɗauko kujerar mu tafi."

Haka yake. Shekara arba'in ina tambaya, yana ce mini ɗauko kujera.

Daga nan sai wurin mai gashin kaji na bakin titi, don an ce an ga yana fige wata jar kaza da sassafe. Da ya ji Gurguwa ake nema, dariya ya yi har ya riƙe ciki.

"Kazar shekara takwas? Mama, ko kwana na yi ina gasa ta, wanda ya saya sai ya dawo mini da haƙorinsa a hannu. Ai ko kyauta aka ba ni ba na karɓa."

Ya buɗe mana kwandon ƙafafun da ya yanke a ranar. Maigidan ya juya su ɗaya bayan ɗaya, duk miƙaƙƙu ne. Muna shirin tafiya mutumin ya daina dariya.

"Wallahi na ji wa tsohuwar nan. Duk wucewar da za ta yi ta nan sai ta kau da kai, wai ba ta son ganin 'yan'uwan 'ya'yanta a kan wuta."

* * *

Barkono ta buɗe mana ƙofa tana riƙe da ƙugu, idanunta jajur.

"An turo ku ku duba tukunyata? Ku shigo. Ga ta can, ku buɗe. Ku duba ƙarƙashin gado ma."

"Gaisuwa muka zo, Yaya," na ce.

"Gaisuwa da kujera? Ni jiya ma ban kwana a gidan nan ba. Tun la'asar ina asibiti wurin ƙanena, sai da gari ya waye na dawo. Ku je ku tambaya, kowa ya gan ni."

Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan, ta fita. Amma maigidan ya ɗaga kai ya dube ta kamar yanzu ne ta faɗi abin da yake jira.

"Tun la'asar? Ba ki dawo da magariba ba?"

"Na ce maka ban dawo ba." Muryarta ta ɗan yi rawa. Ban taɓa jin haka daga bakin Barkono ba.

Ya nemi izinin ganin lambun. Ta yi gaba tana mita, wai mutum ya tsufa da mutuncinsa a kira shi ɓarawon kaza. Lambun ɗan ƙarami ne, kunya huɗu na tumatir, an kewaye da tsohon gidan sauro. A gindin katanga akwai bokitin ƙarfe a kife. Maigidan ya ɗaga shi da sanda, ya dubi ƙasan, ya mayar. A kusurwar kunya ta ƙarshe kuma ƙasar a jiƙe take, an daddanna ta da tafin hannu, an ɗora bulo a kai.

"Da rana tsaka kike ban ruwa, Yaya?"

"Lambunka ne?"

"A'a."

"To."

Ya yi mata sallama, ya ce don Allah ta zo gidan Iya da la'asar. Ta ce ba inda za ta. Ya ce, "Auta ta fara haɗa kayan uwarta." Barkono ta rufe ƙofa a hankali, ita da ta saba bugawa.

* * *

A gida ya ƙi cin abinci. Ya zauna yana juya cokali, ni kuma haƙurina ya ƙare.

"Malam, in ka sani ka faɗa, in ba ka sani ba ka ci abinci."

"Na san wanda ya ɗauki kazar," ya ce. "A daji in na gano sawu, murna nake yi. Wannan kuwa in na yi shiru, an ɓata wa baiwar Allah suna, kuma a tafi da Iya. In na faɗa, na kunyata tsohuwa a gaban 'yarta, kuma wataƙila a tafi da ita ɗin dai."

"To ka zaɓi wanda ba ƙarya a ciki."

Ya dube ni, ya jawo kwanon.

* * *

Da la'asar muka taru a tsakar gidan Iya. Akwatuna biyu na bakin ƙofar ɗaki, Auta na tsaye a kansu. Makanike ya zo, mai gashin kaji ya zo ya tsaya nesa da akurki don kunya. Barkono ce ta shigo ƙarshe, ta tsaya can gefe ta harɗe hannu. Sauran 'yan kallo maigidan ya ce su jira a waje, ya sa na rufe ƙofa.

"Ba mutum ne ya kashe Gurguwa ba," ya ce. "Muzuru ne. Sawunsa na cikin akurki, inda tsintsiya ba ta kai ba, da ɗigon jini a jikin katako. Ita ce a ƙasa a bakin ƙofa, ita ya fara samu."

Iya ta rufe ido. Na kama hannunta.

"Ta ina ya shiga?" in ji Auta. "Ka ce ba huda."

"Ta ƙofa."

"Ƙofar a rufe na same ta, Baba."

"Haka ne. Muzuru kuwa ba ya zare sakata, ba ya mayarwa, ba ya shara. Wani ya zo da sassafe ya tarar da ɓarnar, ya ɗauke gawar, ya share wurin, ya rufe ƙofar."

Auta ta juya ta zuba wa Barkono ido. Barkono ta ɗaga haɓa.

"To ni ce. Na ɗauka. Na gaji da tonon da take mini. Ki kira 'yan sandan, amma ki bar tsohuwa a ɗakinta, ba ruwanta."

"Ba ki iya ƙarya ba, Yaya," in ji maigidan. "Kowa ya tsaya inda yake, kada wani ya kira kajin."

Ya je ya zare sakatar. Kajin tun safe ba su ci komai ba, suka fito a guje suna ture juna. Kaza mai yunwa ba ta san kara ba, wurin wanda ya saba ba ta take nufa. Suka wuce Auta. Suka wuce ni da Iya, da farantin tsabar da ke gefenta a rufe. Duk biyar ɗin suka tafi kai tsaye suka kewaye Barkono suna ɗaga wuya, har ƙaramar cikinsu ta yi tsalle tana tsattsagar bakin zaninta, daidai inda ake ƙulle abu.

"Kai! Ku tafi can!" in ji Barkono tana kora. "'Yan banza masu tonon asiri!"

Ba su tafi ba. Ƙullin ya kwance, tsaba ta zube a ƙasa.

"A gindin katangarta akwai bokiti a kife," in ji maigidan a hankali. "Bakinsa ya ci ƙasa ya yi zobe a kan zobe, ba na kwana ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba. Ta wannan gefen kuma akwai inda ƙafa ɗaya take dira kullum har wurin ya yi kwari. Jiya ce kaɗai magaribar da ba ta nan. Jiya ce aka yi ɓarna."

Barkono ta zauna a kan bulo, ta sa bakin mayafi a fuska.

"Wata tara," ta ce. "Wata rana na leƙo zan yi masifa, na ga akurki a buɗe bayan magariba, kasko ba ruwa. Na tsallako na rufe. Washegari ma haka. To me zan yi? In gaya miki, ki ɗauke ta? Matar da ta zauna da ni kwana arba'in lokacin da na rasa ɗana? Jiya ina asibiti hankalina na nan, na ce dare ɗaya dai Allah zai tsare. Da na dawo na gan ta a bakin ƙofa, sai na ce gara a ce sata ce. Ban san satar ma za ta sa ki haɗa kaya ba."

Iya ce ta yi magana.

"Ban rufe ba."

"Iya..."

"Bari in faɗa, Auta, tun ina tunawa. Ban rufe ba. Na daɗe ina tashi in ga kasko cike da ruwa, in ce ni na cika. A raina na san ban cika ba. Tsoro nake ji in tambaya." Ta dubi kan ƙafafunta. "Ni na bar mata ƙofa a buɗe. Marigayi ya ɗauke ta a aljihu, ni na bar ta a bakin ƙofa."

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Makanike ma ya juya yana duban katanga kamar an ba shi aikin gyaranta.

Auta ta durƙusa gaban uwarta ta riƙe gwiwoyinta. Ta daɗe a haka, sannan ta juya wurin Barkono.

"Inna, ki yafe mini. Ni sau ɗaya nake zuwa a mako, ina ganin ni ke kula da ita. Amma ki gaya mini gaskiya, don ke kika sani. Za ta iya zama?"

Barkono ta share fuska, muryarta ta dawo daidai.

"Ita kaɗai ba za ta iya ba. Da ni za ta iya, zuwa wani lokaci. Ranar da ta fi ƙarfina ni zan kira ki da bakina, ba zan sake ɓoyewa ba. Amma ki kai ta likita ya duba mantuwar nan. Kuma ni na gaji da hawa bokiti, shekarata sittin da bakwai."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Makanike. "Gobe in zo da guduma mu fasa ƙofa a katangar. Ina da wani ƙyaure a gareji."

"Ka sa masa sakata ta gefena," in ji Barkono, "kada waɗannan su mayar mini da lambu gidansu."

Auta ta tashi ta ja akwati ɗaya ta mayar ɗaki. Maigidan ya ɗauki ɗayan, ya manta da ciwon gwiwa.

Iya ta yafito Barkono da hannu. Ta matso ta zauna a bakin tabarma, kajin na biye da ita.

"Ina kika kai ta?"

"Na binne ta, Iya. Na naɗe ta a ɗankwalina, na ɗora bulo don kada a tone."

"A ina?"

Barkono ta dubi katangar.

"A cikin tumatir ɗin. Shekara takwas tana son shiga ina korarta. Na ce to, ta shiga."